Ranar da Gwaggo Ta Hau Ruwa

Daga Allah muke, gare Shi za mu koma. Gwaggona, yayar mahaifina, ta rasu ranar wata Talata da hantsi a ɗakinta da ke bayan Fordham Road, carbinta a hannu. Mu bakwai ne a gidan. Kafin kowa ya gama share hawaye, Baba ya shiga kicin ya ɗauko babban kwanon silba da take jiƙa wake a ciki, ya dire shi a tsakiyar falo, ya ce kowa ya saka wayarsa.

"Alhaji, lafiya?" in ji maƙwabciyar Gwaggo, wata 'yar Damagaram da ta taya mu jinya tun farko. "Mutuwa ce fa, ba abin kunya ba. Ai sai a sanar da jama'a."

"Za a sanar," in ji Baba. "Saka tukuna."

Ƙanena ya ce da Turanci shi wurin aiki kawai zai gaya wa. Baba bai ko kalle shi ba, ya nuna masa kwanon da haɓa. Wayoyi shida suka kwanta a ciki. Ta bakwai tana aljihun Baba, ya shige ɗayan ɗakin da ita ya rufo ƙofa. Sai dab da azahar aka mayar wa kowa da tasa.

Wannan abu ya ci rabin hirar zaman makoki. Wata ƙawar Gwaggo ta shigo tana kuka tana faɗa a lokaci guda, wai shekara talatin suna tare amma sai da rana ta take ta ji, kamar wata baƙuwa. Wani dattijo direban tasi ya ce a bar Alhaji, ai tsarin Hajiya ya bi. Ya ce ranar da ɗansa ya rasu a gida, Gwaggo ce ta je har garejinsu ta jira ya dawo, ta karɓe makullin motar daga hannunsa, ta zaunar da shi a benci, sannan ta buɗe baki. Matan ƙungiyarsu kuwa suka yi ta girgiza kai suna cewa, "Hajiya ke nan. Ko a kwance sai an bi dokarta." Yaran gidanmu, waɗanda aka haifa a nan, har yau suna ganin tsaurin kan Baba ne kawai. Saboda su nake wannan rubutu, don kada su tashi da labarin kwano ba su san abin da ya kawo shi ba.

Gwaggo ba doguwa ba ce, amma muryarta tana riga ta shiga ɗaki. Shekara da shekaru tana da tebur a gefen titi tana sayar da man kaɗe da sabulun salo da turaren wuta, kuma duk wanda ya tsaya taya kaya sai ya tafi da nasiha, ko ya saya ko bai saya ba. Baba ya yi furfura, ya je Makka sau biyu, samari suna tashi su ba shi wuri a masallaci, amma ita har ta koma ga Allah "Auta" take ce masa, a gaban kowa. In ta gama magana a waya ba ta sallama, kashewa kawai take yi, ta bar ka kana ta "halo, halo" kai kaɗai. Ni kuwa "mai baki" take ce mini, ita da ta fi mu duka.

Abu ɗaya ne ba ta wasa da shi. "Ba a faɗin mutuwa a waya," haka take cewa. "A sa takalmi a je."

Ta sha ba ni labarin mafarin abin. Farkon zuwanta ƙasar nan, kafin tebur, aikin kula da tsofaffi take yi a gidajensu. Wata rana tana kicin ɗin wata tsohuwa tana dama mata abin kari, wayar gidan ta yi ƙara. Wani ɗan'uwa ne daga Kumasi, yana sauri kada layi ya yanke, sai ya jefo maganar a dunƙule: "Mma ta rasu, an rufe ta jiya." Layin kuwa ya yanke. Gwaggo ta ce ta tsaya da cokali a hannu, ba wanda za ta kalla sai firiji, tsohuwar tana kira daga ɗaki a kawo mata abincinta. Ta kai mata, ta ba ta a baki, ta yi mata wanka, ta ƙarasa aikin ranar, sannan ta yi kukan uwarta a tashar bas. Daga ranar ta kafa wa danginmu doka, na can da na nan: in an yi rasuwa, a kira wanda abin bai taɓa sosai ba, shi kuma ya tashi ya je ya zauna gaban mai abin.

A gidan hayar da suka tashi a zangon Kumasi akwai wata mata Kirista, mutuniyar wajen Bolga, mai sayar da gawayi, ɗakinta yana jikin na Kaka. Lokacin ciwon Kaka na ƙarshe, Gwaggo da Baba duk suna nan Amurka. Babbar yayarsu, wadda muke kira Gwaggon Kumasi, ita ta yi jinya, mai gawayi kuma ita ce ke wanke zannuwa da raba dare da ita. Gwaggo ba ta taɓa mantawa ba. Shekaru suka wuce, sai wata rana mai gawayi ta kira.

"Hajiya, ɗiyata za ta zaka wurinku. Cocinsu ne ya aike ta. Ban san kowa a can ba koraa, ko mutum ɗaya, sai ke. Na ba ki amana."

"Na karɓa," in ji Gwaggo, ta kashe waya.

Sai daga baya ta gano abin da ta karɓa. Yarinyar 'yar cocin Momon ce, irin matasan nan da ake turawa wata ƙasa su yi wa'azi gida-gida, da baƙin allo ɗan ƙarami maƙale a ƙirji mai ɗauke da sunansu. Shekararta ashirin da ɗaya, za ta yi wata goma sha takwas. Dokokinsu sun fi na Gwaggo yawa. Ba za ta zauna a gidanmu ba, ba za ta ma taka Bronx ba, don yankinta Brooklyn ne da abin da ke kewaye. Ba ta zuwa ko'ina sai da abokiyar tafiyarta, wata doguwar farar yarinya da Gwaggo ta raɗa wa suna Inuwa. Waya ɗaya gare su su biyu, ta aiki ce. Gida kuwa sau biyu rak za ta kira a shekara. Abin da aka bar mata shi ne ranar Litinin da safe ta je laburare ta buɗe imel ta karanta saƙon gida ta ba da amsa. Mai gawayi kuwa ba ta karatu, sai ɗanta ya ga dama ya karanta mata.

"Wannan wace irin amana ce, ba a ba ka ita a hannu ba?" in ji Gwaggo. Ta yi mita ta gaji, sannan ta dafa shinkafa da wake irin na gida, da shito, soyayyen yajin nan namu, da dafaffen ƙwai, ta zuba a kula, ta ce in raka ta Brooklyn.

Haka ta riƙa yi duk bayan mako biyu. Sai ta kira wayarsu ta ji a wane titi za su tsaya, ta je ta sami benci ta zauna da kularta har su sami sarari. Zuwan farko ta tafi da fulas ɗin shayi mai citta da kanumfari, yarinyar ta durƙusa ta ce, "Mma Hajiya, ki yi haƙuri, ba ma shan shayi." Gwaggo ta kalle ta, ta kalli Inuwa, ta ce, "Giya na sani, alade na sani. Shayi me ya yi muku?" Ta shanye fulas ɗin ita kaɗai don haushi. Zuwa na gaba da zoɓo ta tafi.

A kan bencin nan muka ji yadda rayuwarsu take. Suna tashi da sassafe, su yi karatu, su fita, ba su koma ba sai sun taka unguwa guda da ƙafa. 'Yar amana, haka Gwaggo ke kiranta, tana da dariya a kusa, komai ya same su sai ta mai da shi labari. An rufe musu ƙofa a fuska har ta daina ƙirgawa. Wani mutum ya buɗe musu da fara'a ya ce su shigo, ashe kujera yake so a taya shi saukowa da ita daga hawa na biyar, suka sauke, ya ce ya gode, ya rufe ƙofa. Sun yi barci a jirgin ƙasa sun farka a bakin teku. Ranar da ta fara ganin ƙanƙara tana zuba ta tsaya a tsakiyar hanya da baki buɗe har mai mota ya danna mata oda. Da yamma suna koya wa sababbin zuwa Turanci kyauta, ita kuma ta koya wa Inuwa gaisuwar Hausa, sai dai Inuwa ba ta taɓa wuce "lafiya lau" ba, ko me aka ce mata da shi take amsawa.

Gwaggo ba ta taɓa karɓar littafinsu ba, yarinyar ma ba ta taɓa miƙa mata ba. Abin da ke kai Gwaggo daban ne. Takan ɗaga haɓar yarinyar ta duba idonta, ta matsa damtsenta, ta ce ta ɗago ƙafa a ga ƙasan takalmi. In mun dawo sai ta kira Kumasi ta ba da rahoto: "Na gan ta da idona. Ta yi kumatu kaɗan. Takalmin ya cinye, na sauya mata. Tana gaishe ki." Kafin mai gawayi ta gama godiya an kashe.

Wani ɗan unguwarmu ya wuce da fasinja ya hango Gwaggo, Hajiya magajiyar mata mai shugabantar ƙungiyarsu, da hijabinta har ƙasa, zaune a gefen 'yan mata masu raba littafin coci. Kafin Juma'a magana ta zaga Bronx ta leƙa Harlem. Wasu mata suka daina tsayawa a teburinta. Baba ya je ya same ta, ina wurin ina yanka mata albasa.

"Yaya, mutane suna magana. An gan ki tare da masu raba littafi."

"An gan ni ina rabawa?"

"A'a, amma..."

"An ga na bar salla?"

"Yaya, ke ce magajiya. Abin da kika yi shi na baya za su yi."

"To su yi mana. Duk wadda aka ba ta amana ta tashi ta je ta duba. Auta, lokacin da uwar yarinyar nan ke wanke zanin Mma, ka tambaye ta addininta? Kana nan kana tuƙa tasi."

Baba ya ɗauki hularsa ya fita. Wata biyu bai taka gidanta ba, ita kuma ko a jikinta.

Abin da ya dawo da shi dokarta ce. Wata Lahadi bayan la'asar ya ƙwanƙwasa ƙofa, ya shigo ya zauna, ya tambaye ta ko ta ci abinci. Gwaggo ta ajiye abin da ke hannunta ta ce, "Wane ne?" Gwaggon Kumasi ce ta kira shi: mai gawayi ta rasu ranar Asabar. Gwaggo ta yi salati, ta daɗe kanta a ƙasa. Sai Baba ya ƙara da cewa ɗan marigayiyar ya ce kada a damu da sanar da ƙanwarsa, shi ya riga ya tura mata imel.

Gwaggo ta ɗago. "Gobe wace rana?"

"Litinin," na ce.

Nan take na gane abin da ta gani. Gobe da ƙarfe goma laburare zai buɗe, yarinyar nan za ta zauna gaban kwamfuta a cikin baƙi tana murmushi, ta buɗe saƙon gida.

Gwaggo ta kira wayarsu. Wata murya ce daban ta ɗauka. Ashe a makon an sauya wa 'yar amana da Inuwa wurin aiki, waya kuwa ta unguwa ce, ba ta bin mutum. Sababbin suka ce an mayar da su Tompkinsville, a Staten Island. Suka ce in saƙo ne a ba su su isar, ko su sa ta kira. Ina fassarawa Gwaggo tana girgiza kai. "Ki ce musu babu saƙo. In ta kira, a muryata za ta ji. Ki ce gaisuwa ce kawai, mun gode."

Staten Island tsibiri ne, kuma mu marasa mota hanyar da muka sani ita ce jirgin ruwa. Duk danginmu sun san Gwaggo da ruwa. Tana yarinya kwalekwale ya kusa kifewa da su a Yeji, tun daga nan ko gada za a hau a mota sai ta rufe ido. Shekarunta a New York ba ta taɓa zuwa ko kallon jirgin nan ba. Baba ya ce a nemi wani ya kai ta a mota ta gada, ta ce safiyar Litinin ce, in suka maƙale a cunkoso fa? Jirgin ruwa ba ya maƙalewa. Ya ce to shi zai je a madadinta. Ta ce, "Kai aka ba amana?"

Muna idar da sallar asuba muka fita. Na kira wurin aiki na ce ba ni zuwa. Muka hau jirgin ƙasa tun daga Fordham har ƙarshen Manhattan. A bakin jirgin ruwan Gwaggo ta tsaya cak, mutane suna ture mu ta ko'ina. Sai ta tattare zaninta, ta yi bismilla, ta taka. Ta nemi kujerar da ta fi kowace nisa da taga ta zauna, ta damƙe wuyan hannuna har sai da ya yi shaida.

"Mai baki," ta ce, idonta a rufe, "yau ranarki ce. Yi ta surutu, kada ki yi shiru."

Na yi kuwa. Na ba ta labarin kowa a wurin aikinmu, da wanda ya faru da wanda na ƙara wa gishiri, har jirgin ya daki gaɓa. Ban taɓa ganin tsoro irin nata ba, ban kuma taɓa jin alfahari da mutum kamar yadda na ji da ita a kan kujerar nan ba.

Ba mu san gidansu ba, ba mu san laburaren ba. Gwaggo ta ce mu nemi shagon da ake sayar da manja, a nan ake sanin kowa. Muka samu, mai shagon ɗan Nijar ne, yana ɗaga ƙofa ke nan.

"Bon, Hajiya, 'yan mata biyu masu dogon siket, baƙa da fara? Sababbi ne. Baƙar ta shigo nan shekaranjiya, ta gaishe ni da Hausa har na rikice. Ta tambaye ni bibliyotek, gidan karatu, na kwatanta mata. Ku miƙe nan, ku hau tudu."

Muka isa ƙofa tana rufe tukuna. Gwaggo ta zauna a kan matakala tana haki, ta sa ni na sayo ruwan gora. Goma saura kaɗan sai ga su sun ɓullo, kowace da jakar wanki a kafaɗa. 'Yar amana ta hango mu ta saki ihu ta rugo.

"Mma Hajiya! Ke ce a nan? Kin hau ruwa?"

Tana dariya. Sai idonta ya sauka a hannun Gwaggo, ta ga babu kula. Dariyar ta tsaya.

"Zaka nan, zauna kusa da ni," in ji Gwaggo. "Kin karya?"

"Na karya."

"Sha ruwa."

Ta kurɓa. "Mma Hajiya, mene ne?"

"Kin san jikin Mmanki ya daɗe ba daɗi."

"Ta ce ta ji sauƙi."

"Ya tashi ranar Juma'a. An kai ta asibiti. Yayata tana tare da ita, ba a bar ta ita kaɗai ba ko na minti ɗaya."

Yarinyar ta riƙe gorar da hannu biyu. "Tana asibitin?"

"Ba ta asibitin, ɗiyata. Mai abu Ya karɓi abinSa ranar Asabar."

Gwaggo ta riga ta ware mayafinta. Kafin kukan ya fito ta lulluɓe ta da shi, ta jawo kanta ta ɗora a cinya. Inuwa tana tsaye da jakar wanki ba ta ji ko kalma ɗaya ba, amma hawaye yana zuba a fuskarta, sai Gwaggo ta miƙa ɗaya hannun ta jawo ta ita ma. Aka buɗe laburare, mutane suka riƙa ratsa mu suna shiga. Gwaggo ba ta motsa daga matakalar nan ba sai da rana ta yi tsaka. Daga baya 'yar amana ta gaya mini ta buɗe imel ɗin bayan mako biyu. Layi ɗaya ne, ko gaisuwa babu.

Babbansu na coci, da suka kira shi a waya, mutumin kirki ne. Ya ba ta izini ta kira gida, ya kuma ce in tana so ta koma sai a shirya mata. Ta ce uwarta ta ce mata kada ta dawo sai ta gama abin da ta je yi, don haka za ta zauna. Gwaggo ta karɓi wayar ta miƙo mini ta ce in fassara. "Ki ce masa a wurinmu wanda aka yi wa mutuwa zama yake yi, mutane su zo su ce masa sannu. Ki ce ya ba ni ita wuni ɗaya a Bronx, da Inuwarta." Mutumin ya fara bayanin iyakar yanki. "Ki ce masa shi babba ne, ni ma babba ce. Ni na hau ruwa, shi me zai hau?" Ban fassara wannan daidai ba, amma ya yarda.

Ranar Alhamis Gwaggo ta kwashe kujerun falo ta shimfiɗa tabarmi, ta soya ƙosai, ta dama koko. Ta aika wa matan ƙungiya cewa akwai marainiya a gidanta. 'Yar amana ta zauna a lungu da allonta a ƙirji, Inuwa a gefenta. Hantsi ya yi, ba kowa. Azahar ta yi, ba kowa. Ƙosai ya huce. Raina ya ɓaci, na shiga kicin na fara zagin mutane ƙasa-ƙasa, ina lissafa waɗanda Gwaggo ta yi wa wankan jego da waɗanda ta kwana a asibiti dominsu.

"Rufe bakin nan," in ji Gwaggo. "Za su zo. Kowa yana jira ya ga wa zai fara."

'Yar Damagaram ce ta fara, da kwanon dambu. Bayanta wata tsohuwa 'yar zangonmu ta shigo tana dogara sanda, ta dubi yarinyar ta ce, "Ke ɗiyar mai gawayi ce? Wayyo. Uwarki ba ta taɓa auna mini ba ta yi gyara ba." Daga nan ƙofa ba ta sake rufuwa ba. Wasu sun zo don Allah, wasu don kunyar Gwaggo, wasu don su ga Inuwa zaune a tabarma tana amsa ta'aziyya da "lafiya lau". Duk dai sun zo, kowace ta durƙusa ta ce wa marainiya sannu.

Bayan la'asar sai ga Baba a bakin ƙofa da katan ɗin ruwa a kafaɗa. Ya cire takalmi, ya tsuguna daga nesa, ruwan yana kafaɗarsa har lokacin.

"Sannu da haƙuri, 'yata," ya ce. "Uwarki ta yi wa uwarmu abin da ni ban yi ba."

"Auta," in ji Gwaggo, "kai ruwan kicin, ka tare hanya." Amma na ga ta juya tana goge ido da bakin zani.

'Yar amana ta ƙarasa watanninta, ta koma Kumasi, ta zama malamar makaranta, ta yi aure ta haihu. Duk salla sai ta kira ta yi wa Gwaggo barka, Gwaggo ta tambaye ta ko har yanzu tana gaba da shayi, ta kashe.

Da ciwon Gwaggo ya yi nisa, magana ɗaya ta riƙa nanata wa Baba. Gwaggon Kumasi ta tsufa ƙwarai, ga hawan jini, ga jikoki cike da gida kowa da waya a hannu, duk suna guruf ɗaya da yaranmu na nan. "Kada Yaya ta ga hotona a wayar jikoki," ta ce. "A je mata."

Shi ya sa Baba ya ɗauko kwano. Abin da ya faru a bayan ƙofar nan kuwa na ji shi, don bangon gidajen Bronx ba ya riƙe magana, kuma Baba ba ya ji sosai, sai ya buɗe muryar waya. 'Yar amana ya kira.

"'Yata, kina ina?"

"Ina makaranta, Baba Alhaji. Yanzu muka tashi."

"Ki sami wuri ki zauna."

"Na zauna."

Ina jin numfashin Baba ta bango. Ita ce ta taimake shi.

"Mma Hajiya ce?"

"Ita ce. Ki yafe mini. Ke ma 'yarta ce, ba a waya ya kamata ki ji ba. Na duba Kumasi kaf ban ga wanda zai je gaban Yaya ya yi yadda take so ba sai ke. Amma ke ba ni da wanda zan aiko miki."

Da ta amsa, muryarta a tsaye take.

"Baba, kada ka damu. Ni an riga an zo mini. Ta hau ruwa ta zo. Wannan zuwan ya ishe ni har na yau. Bari in sa takalmi."

Ta ratsa gari a motar haya, ta biya ta ɗauki tsohon limamin layinsu, suka shiga gidan tare. Ta tambayi Gwaggon Kumasi ko ta ci abinci, ta jira ta gama, ta ba ta ruwa, ta zauna kusa da ita. Mu kuma muna nan zaune muna kallon kwano. Dab da azahar wayar Baba ta yi ƙara, ta ce, "Na faɗa mata. Tana cinyata. Ku ɗauki wayoyinku."

Ku yaran gidanmu, wannan ce matar da kuke ce wa mai faɗa. Mai faɗa ce, ban musa ba, ni na fi ku shan faɗanta. Amma ina alfahari da cewa jininta ne a jikina, kuma ina kewarta fiye da yadda bakin nan nawa zai iya faɗa. Kwanon yana wurina yanzu, ina jiƙa wake a ciki.

Allah Ya gafarta wa Gwaggo, Ya yalwata makwancinta, Ya haɗa ta da uwarta da ta yi wa kuka a tashar bas. Allah Ya sa wanda ya zo mata da nata kiran ya zo mata a hankali, ya zauna kusa da ita, kamar yadda ta riƙa zuwa wa mutane. Amin.